Yadda Ake Kula da Lafiyar Iyali a Zafin Bazarar Kano, da Gane Wanda Za a Garzaya da Shi Asibiti

Daga tsakiyar Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, Kano tana cikin bazara. A watan Afrilu ba baƙon abu ba ne ma'aunin zafi ya haura digiri 40 da rana, dare kuma ya ƙi yin sanyi, bango ya yi ta amayar da zafin da ya sha har asuba. A wannan tsakanin ne layi yake ƙara tsawo a asibitocin sha-ka-tafi da sassan gaggawa. Amma da wuya a ga an rubuta "zafi" a katin majinyaci. Abin da ake rubutawa shi ne gudawa, ko ciwon ƙoda, ko shanyewar ɓarin jiki, ko tashin ciwon sikila, ko naƙudar da ta zo kafin lokacinta.

Dalilin haka yana cikin yadda jiki yake sanyaya kansa. Zafin cikin mutum digiri 37 ne, kuma hanya biyu yake bi ya riƙe shi a nan: ya turo jini zuwa fata, sannan ya yi gumi. Turo jinin yana sa zuciya ta ƙara gudu. Gumin kuma yana fita da ruwa da gishiri, sai jinin ya ragu ya yi kauri, abin da yake isa ƙoda ya yi ƙasa. Saurayi mai lafiya zai sha ruwa ya wartsake. Dattijon da zuciyarsa ko ƙodarsa take da rauni tun da can, shi ne bangon da ya tsage, zafi kuma ƙadangare ne. A farkon Afrilun 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗu kacal, alhali a duk watan Afrilun shekarar da ta gabata 130 ne. Da yawansu tsofaffi ne. A aikin Hajjin 2024 ma an rasa mutum sama da 1,300 a cikin tsananin zafi.

Mataki na farko: a ƙirga waɗanda za a sa wa ido

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ƙarshen Fabrairu, kafin hunturu ya gama janyewa, maigida ko uwargida su zauna su lissafa mutanen gidan da zafi ya fi yi wa illa: jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu juna biyu da masu jego, masu hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon suga ko ciwon ƙoda, masu sikila, masu shan maganin taɓin hankali, da duk wanda yake kwance ba ya iya tashi ya ɗebi ruwa da kansa. Kowane ɗaya a ɗora wa wani takamaiman mutum alhakin duba shi sau biyu a rana, bayan azahar da bayan isha'i. Idan aka ce kowa ya riƙa leƙa Hajiya, to ba wanda zai leƙa.

Tsofaffi suna da wata matsala ta daban: ƙishirwa ba ta kama su da wuri kamar matasa. Idan aka tambayi Baba ko zai sha ruwa, zai ce a'a, kuma da gaske yake. Kada a tambaya. A miƙa masa kofi a tsaya har ya shanye.

Mataki na biyu: ruwa, yawansa da tsabtarsa

Babban mutum da yake zaune a inuwa yana buƙatar lita 2 zuwa 3 a rana a irin wannan yanayi. Ledar fiya wata yawanci rabin lita ce, ke nan leda 4 zuwa 6. A rarraba shi a yini, ba a kwankwaɗe shi a zama ɗaya ba. Ma'aunin da ya fi kowanne sauƙi shi ne fitsari: idan fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, ruwa ya isa, idan ya yi duhu kamar shayi, ko aka yini ba a zaga ba, jiki yana bin bashi. Mutum biyu ne wannan lissafin bai shafa ba, mai ciwon zuciyar da ƙafafunsa suke kumbura da mai ciwon ƙodar da likita ya ƙayyade masa ruwa. Su sai su koma su tambayi likitansu nawa za su ƙara a bazara.

Jariri ɗan ƙasa da wata 6 ba a ba shi ruwa, ko da garin ya kai yadda ya kai. Nan ne ake yawan samun saɓani da kakanni, kuma tausayi ne yake sa su, amma nonon uwa mafi yawansa ruwa ne. Ruwan da aka ɗura wa jariri yana cika masa ciki ya rage shan nono, kuma ta nan gudawa take shiga. Abin yi shi ne a ƙara yawan sa shi a nono, ita kuma uwar ta sha ruwa duk lokacin da ta zauna shayarwa.

Bazara lokacin ƙarancin ruwa ce. Rijiyoyi suna ja baya, famfo yana ɗaukewa, unguwanni da yawa sun dogara da 'yan garuwa, kuma mai saye bai san inda aka ɗebo ba. Ruwan sha dai a tafasa shi har ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko a sa maganin tsabtace ruwa irin su WaterGuard ko Aquatabs gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa, a jira minti 30 kafin a sha. Randa ta kasance a rufe, da moɗa guda mai dogon hannu wadda ba a kai wa baki. Ƙanƙarar da ake sayowa a jefa cikin zoɓo ko lamurje ita ma ruwa ce, daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Ya fi aminci a jera robobin abin sha a kewayen ƙanƙarar cikin kula, maimakon a fasa ta a ciki. Kunun aya da fura da nono da miyar da ta kwana suna saurin juyawa a wannan lokaci. Dafaffen abincin da ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba kuma ba a firji ba, abin zargi ne, in zafi ya tsananta ma awa 1.

Yadda ake haɗa ruwan gishiri da suga

A ajiye aƙalla ƙullin ORS, wato garin gishiri da suga na kemis da ake haɗa wa mai gudawa, guda 5 a gida, tare da ƙwayar zink. Ƙulli ɗaya na lita 1 ana zuba shi gaba ɗaya a cikin lita 1 na ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu. A duba jikinsa tukuna, domin akwai ƙananan da na rabin lita ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba shi a kofi ɗaya don "ya yi ƙarfi". Wannan haɗari ne ga yaro: gishirin da ya yi yawa yana janyo ruwa daga jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru, har ta kai ga jijjiga.

In babu na kemis, a lita 1 ta ruwa a sa suga ƙaramin cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin, duk a shafe bakin cokalin, ba tozo. A ɗanɗana: kada gishirinsa ya fi na hawaye. Yaro ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, ɗan shekara 2 zuwa 10 rabin kofi zuwa kofi guda, babba kuma gwargwadon abin da zai iya. A bayar da cokali, kaɗan-kaɗan. Idan ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo. Zink kuma miligiram 20 ne kullum har kwana 10 zuwa 14 ga yaron da ya kai wata 6, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, kuma ba a dainawa don gudawa ta tsaya a kwana na biyu.

Lemon kwalba ba ya maye gurbin wannan haɗin. Sugansa ya yi yawa, gishirinsa ya yi kaɗan.

Mataki na uku: ɗaki

Ɗakin da yake da rufin kwano babu silin ya fi waje zafi da rana, don haka daga ƙarfe 11 zuwa bayan la'asar a fito da tsoho da jariri zuwa soro, ko rumfa, ko gindin bishiya. Tsofaffin gine-ginen ƙasa na cikin birni, masu kaurin bango da rufin azara, sun fi sababbin gidajen bulo sanyi da rana. Su a rufe tagoginsu idan rana ta take, a buɗe da dare. A rataya jiƙaƙƙen buhu ko zane a tagar da iska take shigowa. Girki a yi shi da sassafe ko a tsakar gida. Wanda yake da hali ya shafa wa kwanon rufinsa farin fenti, yana rage zafin da yake sauka ciki.

Fanka tana da iyaka. Idan zafin ɗaki ya haura digiri 40, iskar da take kaɗawa ta fi jiki zafi, sai ta zama tana ƙara masa maimakon ragewa. A irin wannan lokacin a jiƙa fata ko riga tukuna, sannan a zauna gaban fankar. Idan za a tayar da janareta saboda an ɗauke wuta, a ajiye shi a fili nesa da taga da ƙofa, ba a soro ko baranda ba. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari da take kashe masu barci, kuma farkon alamarta ciwon kai ne da jiri, irin waɗanda za a ɗauka zafin gari ne. Masu kwana a waje su ɗaura gidan sauro, su kakkaɓe shimfiɗa saboda kunama.

Kada a bar yaro a mota a kulle don a shiga kasuwa a fito, ko da an sassauta gilashi. Cikin minti 10 zafin cikinta yana ƙaruwa da kusan digiri 10.

Mataki na huɗu: magungunan da suke gida

Wannan wurin ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ake yin ɓarna ba a sani ba. Mai hawan jini da yake shan maganin sa fitsari, irin su Lasix ko Moduretic, yana rasa ruwa ta hanya biyu, gumi da fitsari. Idan gudawa ko amai suka haɗu da haka, jini yana iya faɗuwa, ya miƙe tsaye ya yanke jiki ya faɗi, ƙoda kuma ta ji jiki. Haka mai shan lisinopril na hawan jini ko metformin na ciwon suga. Kada kowa ya daina maganinsa da ra'ayin kansa, amma a ziyarar asibiti ta watan Fabrairu ko Maris a tambayi likita kai tsaye: idan na kamu da gudawa ko na kasa shan ruwa, wanne zan dakatar, na kwana nawa?

Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da haɗe-haɗen da ake ƙulla wa 'yan dako da leburori a kemis da sunan maganin gajiya, suna rage jinin da yake zuwa ƙoda. Mutum ya yini yana gumi a kasuwar Singa ko ta Dawanau, bai sha ruwa sosai ba, ya dawo ya haɗiye su da dare, haka kullum har wata biyu. Wannan hanya ce miƙaƙƙiya zuwa ciwon ƙoda. Wasu magungunan mura da ƙaiƙayi da na taɓin hankali kuma suna rage gumi, don haka masu shan su su ƙara nisantar rana.

Allurar insulin ta masu ciwon suga tana lalacewa da zafi, kuma ba lallai a gani a ido ba, sai dai a ga suga ya ƙi sauka. Wadda ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, a cikin firji amma ba wurin ƙanƙara ba, domin in ta daskare ta tashi aiki. Wadda ake amfani da ita tana kai kimanin kwana 28 in ba ta wuce digiri 30 ba, abin da ɗakin Kano a Afrilu ba zai ba ta ba. Mafita ita ce tukunya cikin tukunya, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, ya yaɗa har ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. A sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. A zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a ciki, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi sharkaf, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take wucewa. A ƙara ruwa safe da yamma. Maganin a sa shi cikin roba mai murfi, kada ya taɓa ruwa. Tana aiki sosai a Maris da Afrilu da iska take a bushe, ƙarfinta yana raguwa idan hadari ya fara haɗuwa.

Mataki na biyar: a tantance, na gida ne ko na asibiti

Na gida su ne ƙurajen zafi, da ɗaurewar tsokar ƙafa ko ciki bayan aiki, da ɗan ciwon kai da kasala. Ƙurajen zafi wanka suke so da sakakkun kayan auduga, a rage shafa man da yake toshe fata, a yanke wa yaro farce don kada sosa ta zama maruru. Ɗaurewar tsoka kuma hutu a inuwa, da ORS, da miƙe wurin a hankali. Haɓo yana yawa a wannan lokaci: a sunkuyar da kai gaba, ba baya ba, a matse tattausan wurin hanci minti 10 ba tare da sakewa ana dubawa ba.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne galabaita. Mutum yana gumi sosai, ga jiri, ga tashin zuciya, zuciya tana bugawa da sauri, wataƙila ma ya ɗan suma ya farfaɗo, amma hankalinsa yana jikinsa: ya san sunansa, ya san inda yake. A kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa a kan filo, a rage masa kaya, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita, a ba shi ORS ko ruwa yana kurɓa. A duba agogo. Idan minti 30 ta wuce bai samu sauƙi ba, ko yana amayar da duk abin da ya sha, a kai shi asibiti mafi kusa. Yaro mai zazzaɓi a yi masa gwajin maleriya, kada a ce ai bazara ce babu sauro, kuma kada a ba shi maganin maleriya a kan zato.

Na gaggawa kuwa alamarsa ɗaya ce da ta fi kowacce: hankali ya taɓu. Mutum ya fara sambatu, ko faɗa ba dalili, ko tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, ko jijjiga, ko ya suma bai farfaɗo ba, jikinsa kuma rau kamar garwashi. Wannan shi ne bugun zafi, zafin cikinsa ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda suna dahuwa. Kada a ce ai yana gumi don haka ba shi ba ne. Matashin da ya faɗi a wurin aiki ko filin ƙwallo sau da yawa jikinsa sharkaf yake. Kuma sau da yawa ana ɗaukar wannan sambatun a matsayin iska, a tsaya neman mai ruƙiyya. Addu'a ba ta hana zuba ruwa. A yi su tare.

Ga yaro ƙarami, alamomin da ba a kwana da su: ya ƙi kama nono ko ya kasa sha, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, kuka babu hawaye, awa 6 zuwa 8 bai jiƙa ƙyalle ba, fatar ciki in an ja ta ba ta komawa da sauri, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Ga babba: ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, karkacewar baki ko mutuwar hannu, ko yini guda babu fitsari. Mai ciki da ta ga jini, ko ruwa ya fashe, ko mara tana ɗaurewa kafin lokaci, ko motsin ɗa ya ragu. Mai sikila da ciwo ya ƙi lafawa da ruwa da maganinsa, ko zazzaɓi ya shigo.

Mataki na shida: a sanyaya tukuna, sannan a ɗauka

A bugun zafi, abin da yake raba rai da mutuwa shi ne yawan mintocin da jiki ya yi yana sama da digiri 40. Idan aka cusa mutum a A Daidaita Sahu da kayansa, aka shiga cunkoson Kurna ko Ƙofar Wambai da rana tsaka, zai isa asibiti ya fi yadda ya bar gida lalacewa. Ga yadda ake yi, kuma mutum uku sun isa.

Na ɗaya ya tafi neman abin hawa, ko ya kira lambar gaggawa ta 112. Na biyu da na uku su ja shi inuwa, su cire masa kaya, a bar abin da zai rufe tsiraici. Mace kuma mata su kewaye ta da zane su yi mata. A kwarara masa ruwa mafi sanyin da ake da shi, na randa ko na kula, daga wuya har ƙafa, ana yi ana fifita da ƙarfi da faifai ko kwali. Idan akwai baho ko babbar roba da zai shiga, a zaunar da shi ruwa ya kai ƙirji, wani ya riƙe kansa sama; wannan ya fi komai saurin sauke zafi. Ƙanƙara ko fiya wata mai sanyi a naɗe a tsumma a sa a wuya, da hammata, da matsematsi. Idan an lulluɓa masa jiƙaƙƙen zane, a riƙa sake jiƙa shi duk bayan minti biyu ko uku, in ba haka ba zanen zai ɗumama ya koma bargo. Idan ba ya cikin hayyacinsa a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai a baki domin zai shaƙe, kada a cusa cokali in yana jijjiga. A ci gaba da jiƙawa da fifita a cikin mota har ƙofar asibiti.

Farasitamol ba ya sauke wannan zafin. Shi aikinsa a kan zazzaɓin da ƙwayar cuta ta kawo ne, nan kuwa ƙarin nauyi ne ga hantar da take cikin wahala. Bambancin da za a riƙe: yaro mai zazzaɓi da hankalinsa yake daidai, ruwa mai ɗan ɗumi ake goga masa, wanda zafin rana ya buge hankalinsa ya gushe, ruwan sanyi ne. Idan an kasa bambancewa, a sanyaya a tafi.

Sanƙarau da ƙyanda

Su biyun ba zafi ne yake haifar da su ba, ƙwayoyin cuta ne, amma lokacinsu ke nan. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana cikin hanci da maƙogwaro, cunkoson kwana a ɗaki guda kuma yana yaɗa cutar ta numfashi. Kano ba ta manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000. Zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, da sanƙarewar wuya, da ƙin haske, ko kumburin maɗiga a jariri, ba a jira gari ya waye da su. Yana iya kisa cikin awa 24, wanda ya tsira a makare kuma yana iya rasa ji. A tsangayu da makarantun kwana a rage yawan masu kwana a ɗaki, a bar tagogi a buɗe. A duba katin rigakafin yara: allurar ƙyanda a wata 9 da wata 15, ta sanƙarau a wata 9. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar, don haka in masu rigakafi sun shigo unguwa a fito da yara.

Yadda ake zuwa asibiti a bazara

Ba kowane ciwo ne na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala ba. Gudawar da yaro yake iya sha, da gwajin maleriya, da awon jini, aikin asibitin unguwa ne, kuma can za a fi saurin ganin ma'aikaci. Manyan asibitoci, da na yara irin Hasiya Bayero, a bar su ga masu alamomin gaggawa da waɗanda aka tura. Mai zuwa awo ko ganin likita na wata-wata ya fita da sassafe, da ruwansa a hannu, kuma kada ya fasa zuwa saboda rana. Fashin karɓar maganin hawan jini a Afrilu ya fi tafiyar haɗari.

A tafi da kati, da duk magungunan da majinyaci yake sha a leda guda har da na gargajiya, da bayanin lokacin da abin ya fara da lokacin da ya yi fitsarin ƙarshe. 'Yan rakiya biyu sun isa, ɗakin da ya cika da 'yan dubiya zafi yake ƙarawa. A bakin ƙofa a faɗi magana mafi nauyi da farko: "ya faɗi a rana, ba ya gane mutane." Wannan ba mai bin layi ba ne.

Sai batun ƙarin ruwa. Mutane da yawa suna ganin in ba a ɗaura leda ba, ba a yi magani ba, har a kira wani ya zo gida ya sa. Wanda yake iya sha, ORS ya ishe shi, ya fi araha kuma ya fi aminci. Ruwan da aka ɗura ta jijiya ba tare da awo ba yana iya taruwa a huhun tsoho mai raunin zuciya ko ƙoda, numfashi ya gagara.

Ma'aikatan ƙananan asibitoci su ma su yi nasu shiri: rumfa da randa a wurin jira, kusurwar ORS da kofuna, bokitin ruwa da tawul a ajiye don sanyaya wanda aka kawo a sume, wani ya riƙa zaga layi yana zaƙulo jarirai da tsofaffi da masu ciki. A duba ma'aunin firjin rigakafi safe da yamma ya zauna tsakanin digiri 2 da 8, haka allurar oxytocin ta ɗakin haihuwa. Idan hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta yi gargaɗin tsananin zafi, a sa rai da ƙarin majinyata a ranar da kwana biyu ko uku da suke biye, musamman in dare bai yi sanyi ba.

Masu aiki a rana da masu azumi

Magina, da 'yan dako a Kantin Kwari da Sabon Gari, da masu gidan burodi, da maƙera, da ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Bompai: aiki mai nauyi a yi shi daga asuba zuwa hantsi, a koma bayan la'asar. A sha ruwa kofi guda duk bayan minti 15 zuwa 20, amma kada a wuce lita ɗaya da rabi a awa. Sabon yaron aiki, ko wanda ya tashi daga jinya, jikinsa yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba, don haka ubangida ya fara ba shi kaɗan yana ƙarawa. Mafi yawan masu faɗuwa a kwanakin farko suke faɗuwa.

Azumin 2024 da na 2025 sun faɗo a cikin zafi, kuma masu ramuwa da nafila suna nan kowace shekara. A rarraba lita 2 zuwa 3 tsakanin buɗa-baki da sahur, a jinkirta sahur, a haɗa da kankana da gurji da kunu, a rage shayi mai kauri da soye-soye masu gishiri. Mai ciwon suga ko ƙoda ko sikila ya ga likita kafin ya ɗauka. Wanda jiri ya kayar, ko hankalinsa ya fara gushewa, marar lafiya ne, kuma Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya yi masa rangwamen ramawa a wasu kwanaki.

Kada a saki jiki da watan Mayu. Ma'auni yana iya ɗan sauka, amma iska ta ɗauko danshi, gumi yana zuba ba ya bushewa, kuma gumin da bai bushe ba bai sanyaya komai ba. Wanda aka sallamo bayan bugun zafi ya huta aƙalla mako guda ba aikin ƙarfi, ya koma a duba masa ƙoda da hanta a ranar da aka ba shi, sannan ya fara fita da sanyin safiya yana ƙara lokaci a hankali. Idan fitsarinsa ya koma kalar zoɓo ko ya ragu sosai a cikin waɗannan kwanaki, a mayar da shi asibiti a ranar.